KIWON TUNANI: KOYA WA ƊALIBI YA SAN ABIN DA YA SANI



Gabatarwa

A shekarar 1980 waɗansu malaman lissafi na birnin Grenoble a ƙasar Faransa suka buga sakamakon wani ɗan gwaji da suka yi wa yaran firamare masu shekara bakwai zuwa tara. Tambayar da aka yi wa yaran ita ce: a cikin wani jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, to, shekarun matuƙin jirgin nawa ne? Cikin yara 97 da aka tambaya, 76 suka sarrafa lambobin nan biyu suka fitar da amsa, alal misali suka tara 26 da 10 suka ce shekarunsa 36.

Yaran nan ba dolaye ba ne. Da a gida aka yi musu wannan tambaya, da dariya za su yi. Zaman aji ne ya koya musu cewa kowace tambaya tana da amsa, amsar kuma tana ɓoye cikin lambobin da aka bayar, sa'an nan barin takarda fara ya fi rubuta shirme muni. Sun iya tarawa sarai. Abin da ba su yi ba shi ne su dakata su tambayi kansu ko abin da suke yi ya shiga hankali.

Maganar da wannan lacca ta zo da ita guda ɗaya ce. Rashin sani ya fi dare duhu, amma akwai abin da ya fi shi duhu, watau mutum ya rasa sani, kuma bai san ya rasa ba. Ɗalibi yana iya koyon lura da tunaninsa da auna hujjarsa kamar yadda yake koyon karatu da rubutu, kuma wurin koyar da wannan shi ne cikin darussan da ake yi kullum, a hannun malamin da ke tsaye gaban allo.

Mene ne Kiwon Tunani?

Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, John Flavell na Jami'ar Stanford, shi ne ya raɗa wa wannan fanni suna a cikin shekarun 1970, ya kuma yi bayaninsa filla-filla a wata maƙala ta 1979. Ma'anar sunan da ya raɗa ita ce tunani a kan tunani. A Hausance ana iya kiransa kiwon tunani, domin aikin ya yi kama da na makiyayi. Shanu ne ke tafiya suna cin ciyawa, amma makiyayi ne ya san inda aka dosa tun da safe, shi ke lura in wata ta ratse ta nufi gonar mutane, shi ne kuma ke duba su da almuru ya tabbata ba wadda ta ɓace. Haka ɗalibi nagari yake da tunaninsa. Kafin ya soma aiki yakan tsara yadda zai ɓullo masa, yana cikin yi yakan lura ko yana bisa hanya, in ya gama kuma yakan waiwaya ya duba.

Wannan hali ba a haihuwar yaro da shi cikakke. A wani gwaji na 1970, Flavell da abokan aikinsa suka ba yara hotuna, suka ce su yi ta duba su har sai sun tabbata za su iya lissafo su duka da ka. Manyan yaran in sun ce sun shirya, galibi sun shirya ɗin. Ƙananan kuwa sai su ce sun shirya, a tambaye su su kasa. Ba ƙarya suke yi ba, ma'aunin da ke cikin kansu ne bai daidaita ba tukuna.

A 1979 Ellen Markman, ita ma ta Stanford, ta karanta wa yara 'yan aji uku zuwa shida gajerun bayanai masu warware kansu. Ɗaya daga ciki ya nuna cewa kifi ba ya gani sai da haske, kuma babu haske ko kaɗan a ƙarƙashin teku, sa'an nan ya ce kifayen da ke can ƙasa da launi suke gane abincinsu. Yara da yawa suka ce bayanin daidai yake, sun kuwa fahimce shi. Kowace jimla ta shiga kunnensu, amma ba su aza wannan kusa da waccan sun gwada ba.

Kada a ɗauka wannan ciwon yara ne kawai. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka raba ɗaliban jami'a a Amurka ƙungiya-ƙungiya, suka ba su wani ɗan rubutu. Wata ƙungiya ta yi ta maimaita karanta shi har zama huɗu. Wata kuwa zama ɗaya ta karanta, sauran zama ukun aka karɓe takardar aka ce kowa ya rubuta abin da ya tuna. Bayan mako guda, masu maimaita karatu suka tuna kashi 40 cikin ɗari, masu gwada kansu suka tuna kashi 61. Abin lura shi ne, masu maimaita karatun su ne suka fi amincewa za su tuna. Ido ya saba da shafi, zuciya ta ɗauka sabo shi ne sani. Duk ɗalibin da ya taɓa kwana bisa littafi, ya shiga ɗakin jarrabawa kansa ya ɗauke, ya san wannan yaudara.

Auna Hujja

Makiyayi ba ya kiwo da hannu wofi, sai da sanda. Sandar mai kiwon tunani ita ce ƙa'idar auna hujja, wadda malamai ke kira manɗiƙi. Wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, wanda ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi wallafa a kan manɗiƙi, har ma ya yi musayar baitoci da Shehu Jalaluddin al-Suyuɗi na Masar, wanda ya hana karanta shi. Matsayin al-Magili shi ne, ana karɓar gaskiya saboda hujjarta, ko daga bakin wa ta fito. Haka kuma Abdurrahman al-Ahdari, malamin ƙarni na 16 da ya wallafa littafin nan na ibada da almajirai suka sani da sunan Ahalari, shi ne ya tsara Sullam, waƙar manɗiƙi da aka daɗe ana karantawa a zaurukan malamai. Abin da ya rage shi ne, wannan ilmi ya tsaya ga manyan almajirai kaɗan, bai sauko ga yaro mai koyon baƙi da wasali ba.

Jigon manɗiƙi shi ne rarrabe abu biyu: ko maganganun da aka kafa hujja a kansu gaskiya ne, da kuma ko hukuncin da aka yanke ya biyo bayansu tilas. Ga misali. In an yi ruwan sama, ƙofar gida za ta jiƙe. An yi ruwan sama, saboda haka ƙofar gida ta jiƙe. Wannan hujja ta tsaya. To, a juya ta. In an yi ruwan sama, ƙofar gida za ta jiƙe. Ƙofar gida a jiƙe take, saboda haka an yi ruwan sama. Wannan ba ta tsaya ba, domin mai yiwuwa ɗan garuwa ne ya yi tuntuɓe. Su biyun sun yi kama a kunne, shi ya sa ta biyun take kayar da manya da yara.

Bin hujja daga magana zuwa hukunci al'ada ce da ake koya. A 1931 da 1932 masanin nan na Rasha, Alexander Luria, ya zaga ƙauyukan Uzbekistan yana yi wa manoma tambayoyi. Ɗaya daga ciki ita ce: babu raƙuma a Jamus, gari kaza kuma a Jamus yake, to, akwai raƙuma a garin ko babu? Waɗanda ba su taɓa shiga makaranta ba sukan ƙi yanke hukunci, su ce ba su taɓa zuwa can ba, ba za su yi shaida a kan abin da ba su gani ba. Waɗanda suka ɗan zauna a aji kuwa sukan amsa nan take. Sylvia Scribner ta sami irin wannan a tsakanin Kpelle na Laberiya a cikin shekarun 1970. Manoman nan ba su rasa hankali ba, ƙa'idarsu ita ce gani ya kori ji, ƙa'ida ce kuwa mai daraja. Sai dai a gwada su da yaran Grenoble. Manomi ya ƙi amsa tambayar da amsarta ke cikinta, ɗan makaranta ya amsa tambayar da ba ta da amsa. Aikin ilmi shi ne ya fitar da mutumin da zai iya rarrabe waɗannan tambayoyi biyu.

Shiga jami'a ma ba ya wadatarwa. A 1966 Peter Wason na Landan ya fito da wani gwaji da ya shahara, wanda mai sauraro zai iya jarraba kansa da shi yanzu. Ga kati huɗu a kan tebur, kowanne da harafi a fuska ɗaya da lamba a ɗaya fuskar. Abin da ake gani shi ne D, K, 3, 7. An ce duk katin da ke da D, to, akwai 3 a bayansa. Waɗanne katuna ne tilas a juya don a gane ko maganar gaskiya ce? Yawancin mutane sukan ce D kaɗai, ko D da 3. Amsar ita ce D da 7. Ko me aka samu a bayan 3 ba zai rushe maganar ba, domin ba a ce D kaɗai ke tafiya da 3 ba. Amma in aka sami D a bayan 7, magana ta rushe. Ɗaliban jami'a da ke samun wannan daidai ba su cika wuce ɗaya cikin goma ba.

A 1982 Richard Griggs da James Cox suka sake wa tambayar riga, suka mai da ita ta wata doka da ɗaliban suka saba da ita, sai wajen kashi uku cikin huɗu suka amsa daidai. Ana iya ganin dalili da misalin gida. Doka ta ce duk mai tuƙa mota sai da lasin. Ga mutum huɗu: mai tuƙi, da fasinja, da mai lasin, da marar lasin. Kowane ɗan sanda ya san biyu zai bincika: mai tuƙi ko yana da lasin, da marar lasin ko yana tuƙi. Ƙashin tambayar ɗaya ne da na katuna. Darasi biyu ke nan. Na ɗaya, zuciya ta fi son neman abin da zai gaskata ta bisa neman abin da zai ƙaryata ta. Na biyu, mutum yana auna hujja da kyau a fagen da ya sani, saboda haka ba a koyar da tunani a sarari, sai a jikin wani ilmi.

Abin da Malami Zai Yi a Aji

Na farko, malami ya riƙa yin tunaninsa a bayyane. Galibi malami yakan warware lissafi a gida, ya zo ya zuba shi a allo tsaf ba gyara, ɗalibi ya ɗauka haka masana suke, amsa tana sauko musu ne kamar ruwan sama. Ya kamata wani lokaci ya ɗauki tambayar da bai shirya ba, ya ce da ƙarfi: me ake nema a nan, me aka bayar, bari a gwada wannan hanya, a'a, ta toshe, a koma baya. Maƙeri ba ya ɓoye wa yaronsa yadda ake gyara ƙarfen da ya karkace.

Na biyu, ya koyi jira. Mary Budd Rowe ta yi nazarin ɗaruruwan darussa da aka ɗauka a rikoda, ta bayyana a farkon shekarun 1970 cewa malami yakan jira kamar daƙiƙa ɗaya tak bayan ya yi tambaya, kafin ya maimaita ta, ko ya nuna wani yaro, ko ya amsa da kansa. Da aka horar da malamai su jira daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka soma magana, masu kawo dalili suka ƙaru. Wannan gyara ba ya bukatar ko kwabo daga Ma'aikatar Ilmi.

Na uku, ya ɗora ɗalibai bisa matakai. George Pólya, a littafinsa na 1945 kan warware matsalolin lissafi, ya kawo guda huɗu: a fahimci tambaya, a tsara dabara, a aiwatar, a waiwaya a duba. Na huɗun ne aka fi tsallakewa. Alan Schoenfeld, a cikin shekarun 1980, ya ɗauki hoton ɗalibai suna fama da lissafin da ba su saba da shi ba, ya ga da yawansu sukan rungumi dabarar farko da ta faɗo musu su yi ta bin ta har lokaci ya ƙare, ba tare da sun tsaya sun tambayi ko tana kai su wani wuri ba. Maganinsa shi ne tambaya uku da yakan yi musu yana zagawa: me kake yi, don me kake yin sa, kuma in ka gama me zai amfana maka? Da fari sukan rasa amsa. Daga baya sukan shirya amsar tun kafin ya iso, ƙarshe tambayoyin suka zama nasu.

Na huɗu, a darasin karatu, a bar ɗalibai su riƙa karɓar aikin malami bi da bi. Annemarie Palincsar da Ann Brown sun bayyana wannan hanya a 1984, bayan sun gwada ta da yaran da suka iya furta kalmomi amma ba sa fahimtar abin da suka karanta. Bayan kowane sakin layi, yaron da ke jagora zai yi tambaya a kansa, ya taƙaita shi, ya warware abin da ya shige duhu, ya kuma kintaci abin da zai biyo baya. Wanda ya kasa taƙaita sakin layi ya gane nan take cewa bai fahimta ba, tun kafin jarrabawa ta gaya masa.

Na biyar, kafin a mayar wa ɗalibi takardar gwaji, ya rubuta makin da yake zaton ya samu, sa'an nan a gwada da na gaskiya. Tazarar da ke tsakani ita ce darasin. In ana yin haka a kai a kai, ma'aunin cikin kai yakan daidaita.

Na shida, duk lokacin da aka kawo wata ƙa'ida a aji, a tambayi yara misalin da zai rushe ta. Malamin Hausa ya ce duk sunan da ya ƙare da wasalin a na mace ne, sai a bar su su nemo ruwa da gida da suna. Su koyi juya katin 7. Tatsuniyoyin da ake rufewa da tambayar wa ya fi wani gwaninta, da kacici-kacici, kayan aiki ne da ke hannu tun tuni, muddin malami zai bi kowace amsa da cewa, mene ne dalilinka?

Abubuwan da Ke Kawo Cikas

Mai sauraro zai ce, duk wannan ya yi kyau, amma ina halin yin sa? Tsarin ilmi na ƙasa da Nijeriya ta fitar a 1977 ya ambaci kafa tushen tunani mai zurfi cikin manufofin makarantar firamare. Amma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka soma a watan Satumba na 1976, ya tara yara fiye da yadda aka yi tsammani, aka horar da malamai cikin gaggawa. Malamin da ke fuskantar aji maƙil yakan fake da amshi: ya faɗa, yara su maimaita, ya ce kun gane, su ce mun gane. Wannan tambaya ta kun gane ba ta auna kome. Ko a babban aji, ya fi amfani a ce kowa ya juya ya bayyana wa na kusa da shi, ko ya rubuta abu guda da bai gane ba.

Cikas na biyu harshe ne. Yaron da ake koya wa darasi da harshen da bai ji ba, duhu ya zama masa gida, ba zai lura da sa'ad da fahimta ta yanke ba, domin ba ta taɓa haɗuwa ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara dukan shekaru shida na firamare da Yarabanci, Ingilishi kuma a matsayin darasi, ya nuna yaran ba su koma baya ba har a Ingilishin kansa. Yaro da harshen da yake mafarki da shi yake iya kawo hujja.

Na uku, kunya da ladabi. An tarbiyyantar da yaro kada ya yi musu da babba, wannan kuwa tarbiyya ce mai kyau. Sai dai a nuna masa bambancin raina malami da neman dalili a wurinsa. Mutanen da suka ce matambayi ba ya ɓata ba su ɗauki tambaya rashin kunya ba. Malami ne zai buɗe ƙofar, ta hanyar yaba wa wanda ya ce bai gane ba, da hana 'yan aji yi masa dariya.

Kada kuma a fahimci wannan lacca a matsayin yaƙi da hadda. Wanda bai haddace jadawalin sau ba, ba shi da abin da zai auna amsarsa da shi, makiyayin da ba shi da shanu kuwa ba abin da zai kiwata. Hadda tushe ce, laifin shi ne a kafa tushe a ce gini ya ƙare.

Kammalawa

Wannan magana ta wuce aji. Yaron da ya tara tumaki da awaki ya fitar da shekarun matuƙi, shi ne gobe zai zauna a ofis fayil ya iso gabansa. Rahoto zai ce an raba sabon taki a gunduma kaza, amfanin gona ya ƙaru, saboda haka a ƙara sayo takin. In an koya masa auna hujja, zai tambaya yadda damina ta kasance a shekarar, da abin da aka girba a gundumomin da ba su sami takin ba. In ba a koya masa ba, zai sa hannu, dukiyar jama'a ta bi hujjar ƙofar gida da ɗan garuwa. Haka abin yake ga alƙali da shaidu, da likita da alamun ciwo, da mai karanta labari a wayar hannu kafin ya tura wa wani.

Saboda haka akwai aiki a kan kowa. Masu tsara jarrabawa su riƙa ba da maki ga dalili, domin abin da ake tambaya shi ake koyarwa. Sufetocin makarantu in sun shiga aji su duba yawan tambayoyin da yara suka yi, kada su tsaya ga yawan shafukan da aka cika. Kwalejojin horon malamai su koyar da jira da tambaya kamar yadda suke koyar da tsara darasi. Ɗalibi kuma, tun daga daren yau, in ya gama karanta babi ya rufe littafin, ya faɗa wa kansa abin da ke ciki. Abin da ya fito shi ya sani, abin da ya maƙale shi ne aikin gobe.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makarantar da ta yaye yaron da zai iya cewa wannan na sani, wannan zato nake yi, wannan kuwa ban sani ba tukuna, ta sauke nauyin da aka ɗora mata.